Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi: An Daki Hazara, Kada A Hana Su Kuka

Zuwa ga Mai Girma Jakada Husaini Ibrahim Taha,
Babban Sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi,
Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Allah Ya taya ka riƙon amanar da ƙasashe 57 suka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni malamar lissafi ce a Kano. Na rubuto ne da yawun 'yan'uwana malamai, maza da mata, da muke yi wa yara darasin yamma don shirin jarrabawar shiga jami'a, da wasu iyayen yaran da suka ce in sa da muryarsu. Ba mu da rajista, ba mu da ofis. Dukanmu Ahlus Sunna ne, a kan Malikiyya muka buɗe ido. Na faɗi haka tun da fari ne saboda mutanen da za mu yi magana a kansu, wato ƙabilar Hazara ta Afganistan, yawancinsu 'yan Shi'a ne, kuma na san a cikinmu akwai wanda da jin haka zai ajiye takardar. Ina roƙon irin wannan mai karatu ya daure ya kai ƙarshe.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar Litinin, 29 ga Satumba 2025, da gwamnatin Taliban ta katse intanet da layukan waya a faɗin Afganistan. Kwana biyu ƙasar tana cikin duhu, sai ranar Laraba aka mayar. Jirage sun kasa tashi daga Kabul, harkar banki ta tsaya, 'yan matan da aka hana zuwa makaranta suka koma karatu ta waya su ma aka yanke musu. Tun tsakiyar watan an fara yanke babbar wayar intanet a lardin Balkh da wasu larduna, da hujjar wai ana hana baɗala. Mu kuwa abin da ya tsaya mana a rai shi ne ranar da ta faɗo a tsakiyar wannan duhu. Talata, 30 ga Satumba, ita ce ranar cika shekara uku da harin cibiyar karatu ta Kaaj. Kowace shekara a ranar, iyaye da ƙawaye kan fito da hotunan 'ya'yansu a Facebook da X, su rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A 2025 wanda ke cikin ƙasar bai samu ko wannan ba. Ba mu ce don haka aka katse ba. Abin da muke cewa shi ne, mutanen da wayar hannu ce kaɗai bakinsu, an nuna musu cewa rana ɗaya ana iya rufe shi.

Cibiyar Kaaj irin wajen aikinmu ce sak. Tana unguwar Dashti Barchi a yammacin Kabul, inda Hazara suka fi yawa, kuma aikinta shirya ɗalibai jarrabawar shiga jami'a da suke kira Kankor. Safiyar Juma'a, 30 ga Satumba 2022, ɗaruruwan yara na zaune suna jarrabawar gwaji, ɗan ƙunar baƙin wake ya harbe masu gadi ya shigo ya tashi bam a ɓangaren da 'yan mata suke. 'Yan sandan Kabul da fari suka ce mutum 19 ne suka mutu. Kwana kaɗan bayan haka ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ya ce aƙalla 53 ne, 46 daga cikinsu 'yan mata da matasan mata, sama da 100 kuma sun ji rauni. Tsakanin 19 da 53 akwai gawa 34, kuma waɗanda suka hana a shafe su daga lissafi su ne dangin da suka riƙa ɗora hoto da suna a intanet, a lokacin da ake korar 'yan jarida daga ƙofar asibiti.

A makon da aka kai harin ne wata ɗalibata ta miƙo mini wayarta bayan darasi, ta ce, "Malama, dubi ajinsu kamar namu." Benci ne dogaye, allo fari, takalma a warwatse, takardun amsa sun jiƙe da jini. A ƙarƙashin hoton akwai maudu'in #StopHazaraGenocide, wato a daina yi wa Hazara kisan ƙare dangi. Kafin wannan rana ban taɓa jin sunan Hazara ba, ni da nake sauraron labaran duniya kullum safe da yamma. Da na kai maganar ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai 'yan Shi'a ne." Na tambaye shi, da a ajinsa bam ɗin ya tashi, zai tsaya tantance aƙidar yaran kafin ya ɗauke su? Ya yi shiru. Yau yana cikin waɗanda suka ce in rubuto da yawunsu.

Wannan maudu'i ya tara miliyoyin saƙonni cikin 'yan kwanaki. Mata suka fito kan titi a Kabul da Herat da Bamiyan da Mazari Sharif, aka tarwatsa su da harbi a sama da duka, amma bidiyon ya riga ya fita. Hazara mazauna Turai da Ostireliya da Kanada da Amurka suka yi zanga-zanga a birane da dama. Ta wannan hanya duniya ta san Fatima Amiri, 'yar shekara 17 da ta rasa ido ɗaya a harin, ta tashi da rauninta ta zauna ainihin jarrabawar ta ci maki 313 cikin 360. Ranar 20 ga Disamba na shekarar Taliban ta rufe wa mata ƙofar jami'a gaba ɗaya.

Ƙorafinmu na farko, ranka ya daɗe, shi ne yadda ake ɗaukar kowane hari kamar tsautsayi ne da ya faɗo daga sama, alhali hanya ɗaya ce ake bi shekara sama da ɗari. Tsakanin 1891 da 1893 Sarki Abdurrahman Khan ya yaƙi yankin Hazarajat, aka kashe na kashewa, aka sayar da wasu a kasuwa, aka raba wa wasu ƙabilu gonakinsu. Zuriyar waɗanda suka gudu a lokacin su ne yau a Kwetta ta Pakistan da Mashhad ta Iran. A watan Agusta 1998, da Taliban ta kama Mazari Sharif, an bi gida gida ana neman mazan Hazara, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe aƙalla mutum 2,000. Gwamnan da suka naɗa ya hau mumbari ya kafirta su. A Janairu 2001 aka yi wa maza kusan 170 kisan gilla a Yakawlang. Duk waɗannan an yi su ne lokacin da babu waya mai kyamara a aljihun kowa, labari bai fita ba sai bayan makonni, daga bakin 'yan gudun hijira.

Abin bai tsaya ba da zuwan gwamnatin da Amurka ta mara wa baya. A Dashti Barchi kaɗai, an kai hari cibiyar karatu ta Mau'ud a Agusta 2018, da ta Kausar Danish a Oktoba 2020. Ranar 12 ga Mayu 2020, cikin azumi, 'yan bindiga suka shiga ɗakin haihuwar da ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ke gudanarwa, suka bi gado gado, suka kashe mutum 24, 16 daga ciki mata ne masu naƙuda da masu jego. Ranar 8 ga Mayu 2021, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla, bama-bamai suka tashi a ƙofar makarantar Sayyidus Shuhada daidai lokacin tashi, mutum aƙalla 85 suka mutu, yawanci 'yan mata. Wanda ya zaɓi ɗakin haihuwa da aji ya san abin da yake nema ya kashe. Bayan Taliban ta dawo mulki a 15 ga Agusta 2021 da alkawarin tsaro, an tashi bam a masallacin 'yan Shi'a a Kunduz ranar Juma'a 8 ga Oktoba, Juma'ar da ta biyo aka sake a Kandahar. A Satumba 2024 aka tare mutum 14 a kan iyakar Daikundi da Ghor, sun fita tarar masu dawowa daga ziyarar Karbala, aka harbe su. Reshen Khurasan na ƙungiyar IS ya ɗauki alhakin da yawa daga ciki. Amma kisan mutum 9 a Malistan da mutum 13 a Daikundi a 2021, mayaƙan Taliban ne ƙungiyar Amnesty ta samu da hannu, haka nan Taliban na da hannu a korar ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu a Daikundi da Uruzgan da Balkh da Helmand.

Na biyu, an toshe musu duk wata ƙofar kai kuka a cikin gida. Babu Bahazare ko ɗaya a matsayin cikakken minista, sai 'yan mataimaka. Tsarin mulkin 2004 ya yarda a yi wa 'yan Shi'a shari'ar aure da gado bisa fiƙihun Ja'afariyya, yanzu an ajiye wannan. Ɗan majalisa babu, jarida mai zaman kanta ta zama abin tsoro, zanga-zanga laifi ce. Bayan harin Kaaj Taliban ta ce ta kashe wasu masu hannu a ciki a wani samame, amma uwar da ta binne 'yarta ba ta ga shari'a a bainar jama'a ba, ba ta ji wa ya tura, wa ya biya. Ko wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam a ƙasar, Richard Bennett, wanda ya ce hare-haren da ake kai wa Hazara suna da alamun laifukan cin zarafin bil Adama, an hana shi shiga tun Agusta 2024. To ina mutum zai kai ƙara? Saura wayar da ke hannunsa.

Kuma sun iya amfani da ita. A Janairu 2013, bayan bam ɗin titin Alamdar a Kwetta da ya kashe kusan mutum 100, Hazara suka zauna a kan titi cikin sanyin hunturu da gawarwakinsu a likkafani, suka ƙi binnewa. Kai ka san nauyin wannan a wajen Musulmi, da muke gaggauta kai mamaci makwancinsa. Hotunan suka bazu, mutane suka zauna irin wannan zama a Karachi da Lahore da Islamabad, har aka sauke gwamnatin lardin Baluchistan. A Nuwamba 2015, da aka yanka Hazara bakwai a Zabul, ciki har da yarinya 'yar shekara 9 mai suna Shukriya Tabassum, dubban mutane suka ɗauki makara har ƙofar fadar shugaban ƙasa a Kabul, kuma a cikin masu tafiyar akwai 'yan ƙabilun Pashtun da Tajik da Uzbek. A 2016 matasansu suka haɗa gangamin da suka kira Roshnayi, wato haske, saboda an karkatar da babban layin wutar lantarki daga Bamiyan aka bi da shi ta Salang. Wuta kawai suke nema. Ranar 23 ga Yuli aka tashi bam a tsakiyarsu a dandalin Deh Mazang, sama da 80 suka mutu. Tun daga lokacin taruwa a fili ta zama sayar da rai, sai gangamin ya ƙara komawa cikin waya.

Ba za mu yaudari kanmu ba a kan iyakar abin da maudu'i zai iya. Mu 'yan Arewa mun gani da idonmu. Ranar 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, su ma jarrabawa ce ta tara su. Duniya ta ɗauki #BringBackOurGirls, manya suka ɗaga kwalaye, amma har yau akwai iyayen da ke jira. Sai dai mun kuma san abin da ya faru da yaran Buni Yadi da aka kashe wata biyu kafin nan, waɗanda ba su samu irin wannan amo ba: mutum nawa ne a wajen Yobe ke tuna su? Kukan intanet ba ya dawo da wanda ya tafi, amma yana hana a ce ba a yi ba, yana kuma tara shaidar da mai iko zai ɗauka ya yi aiki da ita. A nan ne nauyin ya dawo kanku. Sun yi nasu, sun kai kukan har ajin lissafi a Kano. Ba zai yiwu a ce bai kai Jidda ba.

Na uku shi ne wannan katsewar intanet. Mun san ɗanɗanonta. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Ina da 'yar'uwa a Gusau, na yi makonni ban ji muryarta ba, sai wani da ya fito wata jiha ya kira ya ce suna lafiya. A irin wannan duhu, in aka afka wa ƙauye babu mai ji sai an gama binnewa. Wannan mu ke nan, da muke da gwamna da 'yan majalisa da gidajen rediyo. Bahazaren da ke ƙauyen Daikundi, in aka zo aka ce ya tashi daga gonar kakanninsa cikin kwana kaɗan, abin da yake da shi kawai shi ne ya ɗauki bidiyon ya tura wa ɗansa a Melbourne ko Hamburg. A yanke wannan, an mayar da shi 1998. Tun kafin katsewar ma, ana tare mutane a shingen bincike a buɗe wayoyinsu, an kama mutane saboda abin da suka rubuta a Facebook, kuma dokar da aka fitar a Agusta 2024 ta hana yaɗa hoton abu mai rai, ta ce muryar mace a bainar jama'a al'aura ce.

Na huɗu, waɗanda suka tsere ana mayar da su, kuma ƙasashen da ke mayar da su mambobinku ne. Pakistan ta fara korar 'yan Afganistan marasa takarda tun Nuwamba 2023. Iran ta mayar da sama da mutum miliyan ɗaya a 2025. Mun san nauyin baƙi da ƙasashen biyu suka ɗauka shekara arba'in, ba mu raina ba. Amma Bahazare kamanninsa da harshensa na tona shi tun daga nesa, kuma wanda ya taɓa rubuta wani abu da sunansa a intanet ya san abin da ke jiransa a bakin iyaka. Ana cikin haka Rasha ta amince da gwamnatin Taliban a Yuli 2025, wasu ƙasashen kuma suna karɓar jakadunta. Muna tsoron a gama cinikin gaba ɗaya ba tare da an ambaci sunan Hazara a kan tebur ba.

Ba mu ce ƙungiyarku ta naɗe hannu a kan Afganistan ba. Kun kira taron gaggawa a Islamabad a Disamba 2021, kun buɗe asusun agaji a ƙarƙashin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, kun naɗa manzo na musamman, kun kuma faɗa a fili cewa hana mata karatu ba Musulunci ba ne. Mun yaba. Mun kuma ga abin da kuka yi wa Rohingya, da Gambiya ta kai Myanmar Kotun Duniya a Nuwamba 2019 da goyon bayanku. Irin wannan tsayuwa muke nema wa Hazara. In bambancin shi ne a nan mai zaluncin ma yana salla, to wannan ya fi wajabta magana a kanku, domin babu wanda zai ce muku baƙi ne masu ƙin Musulunci.

Ga abin da muke roƙo. A taron ministocin harkokin waje mai zuwa, a fitar da ƙuduri da zai ambaci Hazara da sunansu, ba "wasu fararen hula" ba. A tura manzonku na musamman da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙungiyar su je Dashti Barchi da Bamiyan da Daikundi, su zauna da iyaye ba tare da mai bindiga a bakin ƙofa ba, su fitar da rahoto kowa ya karanta. A faɗa wa mahukuntan Kabul baki da baki cewa barin intanet a buɗe da daina kama mutane kan abin da suka rubuta suna cikin sharuɗɗan duk wata maganar amincewa da su ko ba su kujera.

Muna roƙon Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ta yi magana da harshen da Taliban ke ji. Saƙon Amman, wanda taron shugabanninku na Makka ya amince da shi a Disamba 2005, ya lissafa Ja'afariyya cikin mazhabobin Musulunci takwas, ya haramta kafirta mabiyansu da halatta jininsu. A sake shelanta shi da Dari da Pashto, manyan harsunan Afganistan, a karanta a masallatai. Mu ma a nan muna bukatar jin sa da Hausa, don masu kafirtawar da suka tashi bam a jerin gwanon Ashura a Potiskum a Nuwamba 2014, su ne a ƙarshen watan suka kashe sama da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano, kuma su ne suka kai hari Injamena a 2015. Kai ɗan Chadi ne, ba sai an ba ka labari ba.

Sai maganar shaida. Bidiyo da hotunan da Hazara suka tara suna hannun kamfanoni ne, kuma an ga yadda a 2017 na'urar tace hotuna ta YouTube ta goge dubban bidiyon yaƙin Siriya. Ƙungiyarku na da nauyin da za ta zauna da Meta da X da YouTube ta nemi a adana irin waɗannan ko da an sauke su, a kuma ɗauki masu jin Dari da Hazaragi da Pashto da za su bambance mai kai kuka da mai kiran a kashe. A Oktoba 2025 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kafa hukumar tattara shaida kan laifukan da aka yi a Afganistan. Mambobinku su ba ta kuɗi da haɗin kai, kada ta mutu a takarda.

A yi wa Islamabad da Tehran magana su dakatar da mayar da waɗanda ransu ke cikin haɗari, a duba kowa da halin da yake ciki. Sannan ga abin da ke hannunku kai tsaye, wanda mu malamai ya fi taɓa mu. Kuna da jami'a a Say ta Jamhuriyar Nijar, da Mbale ta Uganda, da Gazipur ta Bangladash. A ware guraben karatu kyauta ga 'yan matan da suka tsira daga Kaaj da Sayyidus Shuhada da ƙannensu, a biya musu kuɗin jirgi da biza. In an kawo wasu Say, akwai gidaje a Kano da Zinder da Maradi da za su karɓe su hutu, nawa na ciki.

Muna kuma sa ran ofishinka zai ba da amsa a rubuce, a shafukanku na intanet inda su ma za su iya gani, kafin 30 ga Satumba mai zuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba ka ikon yin abin da ya dace.

Wassalam.

Ni ce,
Malamar darasin yamma,
a madadin abokan aikina da iyayen ɗalibanmu,
Kano.